Abin da Suruki Ba Ya Faɗa

Idan kunya ta kusa kashe mutum, laifin wa ne: wanda ya ƙi faɗa, ko wanda ya ji nauyin sake tambaya? Har yau ban sani ba.

A 2013 surukina Baba Ndaman, mutumin Bida, ya dawo daga jinya a Masar ya sauka gidana a Dutsen Kura, cikin Minna. Ruwa ne ya taru masa a bayan tumbi. Likitocin can ba su yanka shi ba. Ta baki suka zura bututu mai hoto, suka huda tumbin daga ciki, suka zuƙe ruwan.

Likitansa ya yi gargaɗi cewa hujin kan yi jini ko ya ruɓe. In an ga zazzaɓi, ko ciwo mai tsanani, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, a garzaya asibiti.

Zazzaɓi da sauƙi, matata Karima kan taɓa goshinsa. Maganar bayan gida fa? Ita ta ce bakinta ba zai iya ba. Na durƙusa, kaina a ƙasa.

"Baba, in kun zaga... yaya launin?"

"Yisa, 'yata na ba ka. Ban ba ka hanjina ba."

Na janye. Muka ci gaba da zamanmu lafiya, yana cin tuwon shinkafa, yana gyara mini karatu.

Wata safiya jiri ya kayar da shi wajen alwala. Maƙwabciyarmu Magdalene, tsohuwar nas, ta ja fatar idonsa ta ga fari fat.

"Baba, kashinka baƙi ne?"

"Ke ba ki da kunya?"

"Na bar ta a asibiti. Baƙi ne?"

Ya kau da kai. "Tun shekaranjiya."

Aka ƙara masa jini a nan Minna. A Abuja aka sake bi ta baki aka ɗaure jijiyar da ke zubar da jinin. Ya dawo da ƙafarsa, da mitarsa.

Yanzu da hantsi mukan zauna gindin mangwaro, ni da rediyon da nake gyara, shi da carbi. Washegarin dawowarsa ya fito daga makewayi, ya ajiye buta, ya tsaya yana duban katanga kamar da ita yake magana.

"Yisa."

"Na'am, Baba."

"Ruwan ƙasa ne. Kada ka ƙara tambaya, ni zan riƙa faɗa."