Ranar da Na Tambayi Bushira Jiki

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da ɗakin tazarar haihuwa a ƙaramin asibitin unguwarmu a nan Zuru, amma in na shiga kasuwa sai ka rantse yau aka sauke ni daga mota. Matan da na san ranar al'adarsu, na san wadda aka yi wa ɗinki sau uku, su ne za su hango ni su cusa kai cikin kwandon tattasai. Ba na jin haushinsu. To, ina ji, amma ni na kafa dokar da bakina. Duk wadda ta zo, tun kafin in buɗe mata kati nake gaya mata: "A nan ni Sista Margaret ce. In mun fita ƙofar nan ban san ki ba, ba ki san ni ba." Dalili kuwa, a garin nan duk matar da aka gani tana hira da ni, kafin ta kai gida labari ya riga ta, an ce ta je kashe mahaifa.

Katunansu ma ba sa tafiya da su, a durowata suke kwana. Zuwan kansa sai da dabara. A goyo yaro a ce za a kai shi awo, a bi layin awon, sannan a zame ta baya a shigo wurina. Kada ka ce matan Musulmi kaɗai. 'Yan cocinmu sun fi iya wannan wasan. Wadda na yi wa allura ranar Talata, ranar Lahadi sai ta bar benci uku tsakanina da ita, tana rera waƙa da ƙarfi kamar da ni take faɗa.

A gida kuma ba kowa. Mijina Ebenezer soja ne, an kawo mana akwatin gawarsa daga gabas shekara tara da suka wuce. Ɗana ya bi sahunsa ya sa kaki, 'yata tana aure a Kaduna. Tuwon mutum ɗaya wuyar tuƙawa gare shi, wani lokaci sai in jiƙa gari in sha in kwanta.

A haka Bushira ta zo mini. Matar wani ɗan kasuwar hatsi ce a unguwar Rikoto, ana ce masa Zakiyyu. Iyayenta mutanen Jega ne da suka zauna a Danko, har yanzu Hausar bakinta ta Jega ce. Haihuwarta shida, kuma a ta shidan jini ya ɓalle mata, sai da aka ƙara mata leda huɗu. Likitan da ya tsaya a kanta ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in ta sake ɗaukar ciki, ba ya jin za ta tashi. Ta gaya wa mijin, ya ce rai a hannun Allah yake. Shi ne ta goyo autanta ta zo awo, ta zame ta baya.

Allurar wata uku ta zaɓa. Na karanta mata dokata, ta ce ta ji. Tana ɗaura zani sai ta tsaya tana kallon kitson da ya leƙo ta ƙasan ɗankwalina.

"Sista, wa ya yi miki wanga kitso?"

Na ce ni na yi abina.

"Ai an gani," in ji ta. "Zauna."

Na so in ce mata nan asibiti ne, ba zauren kitso ba. Kafin in buɗe baki ta zare ɗankwalina, ta ciro tsinke daga gashinta. Tun da aka binne Ebenezer ba wanda ya taɓa kaina. Na zauna a kujerar marasa lafiya, hannunta na bin fatar kaina, na rasa abin da ya cika mini ido. Ta ce zafi ne? Na ce e, ta cika ja.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk wata uku takan zo daf da tashi, lokacin da layi ya watse. In yi mata allura, ta yi mini shuku, yaron na wasa da hular sirinji a tabarma. Ta daina ce mini Sista, ta koma Yaya. Tana dariyar Hausata, wai ina magana kamar ina ba da umarni a bariki. Ni kuma in ce tata Hausar sai an sa mata tafinta. Sau huɗu a shekara, sa'a ɗaya ɗaya. Kai za ka ga kaɗan ne. Ni kuwa tun ana saura mako biyu nake tsefe kaina in ajiye.

Shekara biyu muka yi a haka. Sai wata Alhamis ta zo ba ranarta ba, fuskarta fara fat. Kwana goma sha shida jini na zuba, ba ya tsayawa. Allurar takan yi wa wasu haka. Abin da ya fi damunta ma ba jinin ba ne, salla ce.

"Yaya, ban san ko in yi ko in bari ba. Shi kuma ya fara lura. Jiya ya ce wagga al'ada tawa ba ta da ƙarshe? Mi zan ce mishi?"

Na duba idonta, na ga jininta ya yi ƙasa. Na ba ta ƙwayoyin tsayar da shi da na ƙarin jini, na ce in bai tsaya ba cikin kwana uku ta dawo. Ba ta dawo ba. Waya kuwa ba ta da tata, ta mijin ce a gidan. Kwana biyar ina jujjuya abin a raina. Ko ya tsaya ne? Ko tana kwance ba mai kawo ta?

Ranar kasuwa na je sayen daddawa, sai ga ta a rumfar masu manja, a tsaye da ƙafarta, ta yafa mayafi ruwan toka. Daɗi ya kama ni. Ni da na kafa doka, ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina wuce mata kamar turakun rumfa, bakina ya riga hankalina.

"Bushira, ya jiki? Da sauƙi dai?"

Kowa ya san ba a tambayar mai lafiya jiki. Wanda ka san yana ciwo shi kake tambaya. Sai da maganar ta fita na lura da matar da ke gefenta, doguwa, riƙe da galan. Talatu ce, yayar mijinta.

Talatu ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta san ni, wa bai san ni ba? Ta juya ga Bushira.

"Jiki kuma? Ba ki da lafiya ne mu ba mu sani ba?"

Bushira ba ta ɗago ba. Na ce, "Yaron nake nufi, wanda take kawowa awo."

"Yaron lafiyarsa ƙalau," in ji Talatu. "Ashe har suna kuka san juna."

Ta karɓi manjanta, ta sa Bushira a gaba suka tafi. Na bi su da kallo. Mai manjan ta tambaye ni ko zan saya, na ce a'a, na dawo gida ba daddawar.

Bayan kwana biyu Zakiyyu ya zo asibiti. Na zaci zan ga mutum mai hargowa. Sai ga wani siririn mutum, ya yi sallama, ya cire takalmi a bakin ƙofa duk da ba a cirewa. Ya gaishe ni da aiki, ya tambayi mutanen gida, sannan ya zauna a bakin kujera.

"Malama, tambaya ɗaya na zo yi. Iyalina tana zuwa wurinki?"

Na ce, "Malam, ko matar gwamna ce ke zuwa nan, ba na faɗa wa gwamna. Ko ba ta zuwa ma ba na faɗa."

Ya murza hularsa a gwiwa.

"Ranar da ta haihu, leda biyu daga jikina aka ɗiba," in ji shi. "Kada ki ɗauka ban damu da ranta ba. Amma mu abin da muka sani, mai rayawa da kashewa ɗaya ne. Kuma a majalisarmu an ce allurar nan ba tazara take yi ba, ƙone mahaifa take yi gaba ɗaya. Waɗanda ke aiko ta kyauta, me ya sa ba su aiko mana da maganin zazzaɓi kyauta haka? So suke mu ƙare."

Raina ya ɓaci, amma na danne. Na ce masa ba ta ƙone komai, mata nawa suka bari suka haihu. Na ce akwai malamansu da suka zauna da mu a taro, suka ce in rayuwar uwa na cikin haɗari an yarda a tsaya. Na ce macen da jini ya taɓa ɓalle mata irin haka, kowace ce, ciki na gaba kabari ne a buɗe.

"Da iznin miji suka ce," in ji shi. "Ni an nemi iznina?"

Gaskiya ne, haka suka ce. Ya tashi, ya sa takalminsa.

"Kin ba ni amsa, Malama. Na gode."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar allurarta ta zo, sha biyu ga wata. Na tsefe kaina kamar kullum, don wauta. Layi ya watse, na zauna har mai shara ta gama ta ce za ta kulle. Bushira ba ta zo ba.

Allurar nan in an makara akwai sararin mako huɗu. Bayan nan sai abin da Allah ya yi. Na ciro katinta daga durowa na sa a aljihun rigata, kamar hakan zai jawo ta. Mako na farko na ce kunya ce. Mako na biyu na hau babur zuwa Rikoto, na wuce ta bakin layinsu sau biyu, ina kallon ƙofar gidan mai shuɗin fenti. Mai babur ya ce, "Mama, wane gida ne?" Na ce mu koma, na manta. In na shiga, me zan ce na zo yi? Gaisuwa ɗaya ta jawo wannan, ina ga sallama har tsakar gida.

Ranar Lahadi mai wa'azi ya yi ta bayani a kan 'ya'ya kyautar Allah ne, mai ƙin kyauta ya ƙi mai bayarwa. Mata suna amin, har da waɗanda katunansu ke durowata. Ban ji haushinsa ba ranar. Ina zaune ina lissafin kwanaki a yatsuna a ƙarƙashin gyale. Na roƙi Allah abu ɗaya, na ce ko ba zan ƙara ganinta ba, kada ya bar ta ta ɗauki cikin nan saboda bakina.

Mako na uku ya wuce. Na daina cin abincin kirki. Duk mace mai mayafi ruwan toka da ta shigo layin awo sai in leƙa in ga ko ita ce.

Ana saura kwana biyu sararin ya ƙare, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wayata ta yi ƙara. Gladys ce, wadda muka yi makarantar koyon aikin lafiya tare, ita ke riƙe da irin ɗakina a Danko.

"Margaret, akwai wata a nan ta zo ganin gida wurin uwarta. Ta ce a wurinki take karɓar ta wata uku, amma ba ta da kati, ba ta kuma riƙe ranar ba. Ba na so in yi mata a makance. Sunanta Bushira."

Na dafa tebur. Ban ko taɓa aljihuna ba, na faɗa mata ranar allurar ƙarshe, da irin wadda nake yi mata, da zancen jinin da ya zuba, da ƙwayoyin da na ba ta. Na ce ta duba idonta ta ga ko jinin ya dawo.

"Na duba, da sauƙi. Na yi gwaji ma, ba komai. To tana cikin lokaci, yanzu zan yi mata." Na ji ƙarar takarda, ta ci gaba. "Ta ce in buɗe mata sabon kati a nan. Duk wata uku za ta riƙa zuwa gaida uwarta. Kin ga sai ki rufe na wurinki."

Na ce to. Na ce madalla. Numfashin da na riƙe kusan wata guda ya sauka.

"Tana kusa da ke?" na tambaya.

"Ga ta nan a zaune."

"Ba ta wayar. Minti ɗaya kawai."

Na ji Gladys ta janye wayar daga bakinta tana magana ƙasa-ƙasa. Na ji muryar yaron, ya yi wayo, yana neman a ba shi wani abu. Na matse wayar a kunnena ina jira. Na riga na shirya abin da zan ce, kalma uku ce, ki yafe mini.

Gladys ta dawo kan layi.

"Margaret, ta girgiza kai."