Tsinken Eskil

Shugabar kamfanin, Ragnhild, ta riga ta yanke magana. Wasan kwamfutar da suke ƙerawa a garin Umeå, na jarumai da dodanni, lokacin fitarsa ya matso, kuma sana'ar ɓarayi ɗaya ce kawai za a ƙawata a ciki: ko buɗe kwaɗon ƙofa ba da makulli ba, aikin da Eskil ya yi shekaru yana fama da shi, ko yankan aljihu na Gunvor. Wanda ya faɗi, a mayar da nasa danna maɓalli ɗaya. Bayan shan kofi na yamma kowa zai kare nasa.

Eskil bai yarda da dogon surutu ba. A ganinsa, tara maki ba ya mayar da mai wasa ɓarawo, sai yatsunsa sun ji motsin cikin kwaɗo. Don haka ya zo da tsohon kwaɗo na gaske da wani siririn tsinken ƙarfe da ya goge da hannunsa, zai damƙa wa Ragnhild ta buɗe da kanta. Gani ai ya kori ji.

Da rana ya laluba aljihun wandonsa, babu tsinke.

Ya duba jaka, ya leƙa ƙarƙashin tebur, har cikin takalmansa da ke bakin ƙofa ya zazzage. Gunvor ce ta fara zuwa masa a rai, amma tun safe tana can ƙarshen ɗaki, ban da dafa shi da ta yi a ƙofa lokacin da kowa ke kokawar cire takalman ƙanƙara. Sai idonsa ya sauka kan Sixten, amininsa tun jami'a, mai zana motsin mutanen wasan, wanda teburinsu ɗaya. Kwanan nan Sixten ya koyi ɓatar da murfin kwalba tsakanin yatsu, wai don ya zana hannun ɓarawo daidai. Wa ya rungumo kafaɗarsa ɗazu yana masa fatan sa'a? Wa ya ci abincin rana da Gunvor jiya? Da ɗan gari akan ci gari.

Daga nan komai Sixten ya yi laifi ne. In ya yi dariya, ta mugunta ce. In ya yi shiru, mai kaza a aljihu ne.

Aka taru shan kofi, ana miƙa burodin kirfa. Sixten ya turo masa faranti.

"Mutumina, ci mana. Ka haɗe rai kamar an ce dodonka ya mutu."

"Ba ni tsinkena."

"Wane tsinke kuma?"

"Kada ka raina mini hankali, Sixten. Me Gunvor ta yi maka alkawari?"

Kowa ya juyo yana kallonsu. Mutanen nan ko layi aka tsallake musu sai dai su yi tari, balle a kira mutum ɓarawo a gaban kofi. Sixten ya dube shi, ya miƙe a hankali, ya zazzago aljihunsa duka a kan tebur: makullin keke, murfin kwalba, da safar hannun 'yarsa guda ɗaya.

"In cire safa ma, ko wannan ya isa?"

A nan Gunvor ta ajiye kofinta, ta zaro tsinken daga cikin gashinta, ta ɗora kusa da farantin.

"Ni na ɗauka, a bakin ƙofa. Ku yi haƙuri, bayanina ke nan." Ta juya wajen Ragnhild. "A wasannin da muka saba, ka sa hannu a aljihu, ko a kama ka nan take ko ka tsira, shi ke nan. Ƙarya ce. Sata ba ta ƙarewa a aljihu. Ina so mai kaya ya farga daga baya, ya fara zargin na kusa da shi, mai wasa kuma yana tsaye yana kallon wanda aka ɗora wa laifinsa."

"Amma ke muguwa ce," in ji wani daga baya.

"Ban ce masa ya zargi kowa ba."

Wannan maganar ta fi komai yi wa Eskil ciwo, don gaskiya ce. Kunya ta rufe shi. Kwaɗon na nan cikin jakarsa, ko fito da shi bai yi ba.

Ragnhild ta gama tauna burodinta kafin ta yi magana. Ta ja wa Gunvor kunne kada ta sake taɓa aljihun kowa a ofis, sannan ta ce yankan aljihu za a ƙawata.

"Eskil, kai za ka rubuta maganganun mutumin da ke zargin abokinsa. Sixten, kai za ka zana fuskarsa. Ku zauna tare."

Eskil ya matso yana neman bakin ban haƙuri. Sixten na mayar da safar 'yarsa aljihu, bai ɗago ba.

"Ba sai mun zauna ba," ya ce wa Ragnhild. "Na ga fuskar da kyau."