Baƙar Giyar Maysa

Wadih ya tsufa yana dafa arak, wata barasar inabi, a ɗakin dutsen da ke ƙarƙashin gidansa, a wani ƙauye da ke kan dutse a saman garin Batrun. Inabin na gonarsa ne, tukunyar kuwa gadon mahaifinsa ce. Da 'yarsa Maysa ta dawo daga karatu a Jamus, ta roƙe shi rabin ɗakin don ta fara haɗa giyar sha'ir. Dariya ya yi mata a gaban baƙi.

"Sha'ir ai abincin jaki ne," in ji shi. "Ba dai a ɗakin ubana ba."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Da ta auri Jad, sai mahaifin Jad ya ba su tsohon gidansa na matsar zaitun a bakin teku, suka gyara, suka buɗe a bana. Wadih bai je bikin buɗewar ba, ya ce gwiwa ce ta hana shi.

Wata Lahadi, bayan an taso daga coci, amininsa Nakhle ya ce ya shigo mota su je cin kifi. Sai ga su a ƙofar gidan giyar Maysa.

"Kai dai munafuki ne, Nakhle."

"Na sani. Sauko, tsoho. Jiya na gan ka a kan tsani da gwiwar taka."

Wurin cike yake da matasa. Maysa ta taho tana goge hannu, ta sumbaci mahaifinta a kumatu, ta zaunar da su kusa da taga. Ta kawo zaitun da cuku, sannan ta ajiye musu kofi biyu na wata giya baƙa ƙirin mai kumfa ruwan ƙasa.

"Wannan fa? Baƙin man mota?" in ji Wadih.

"Fota ake ce mata, Baba. Ka dai kurɓa."

Ya kurɓa. Ɗaci ya fara ji irin na gahawa, sai ƙamshin burodin da ya ɗan ƙone a tanda, can ƙarshen harshe kuma wani zaƙi da ya sani. Ya sake kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Maɗin inabi kika sa."

"Ɗan kaɗan."

"Na wa?"

"Na Kawu Tanios."

Tanios maƙwabcinsa ne, kuma kowa a ƙauyen ya san inabinsa bai kama ƙafar na Wadih ba. Shi Wadih kuwa bara tsuntsaye ya bar wa rabin gonarsa, don masu shan arak ɗinsa wasu sun mutu, wasu likita ya hana su.

Ya yi ta juya kofin a hannu. Can ya ce, "Ɗakin nan na ƙasa yana nan, 'yar nan. Da sanyinsa. In kina so."

Maysa ta waiwaya ta dubi manyan tankunan ƙarfen da ke bayan gilashi.

"Baba, ko ɗaya ba zai shiga ta ƙofar ba. Lokacin da na tambaye ka, tukwane biyu ne kawai gare ni."

Babu fushi a muryarta. Da ma da fushin ne, da ya san abin da zai ce. Aka kira ta daga wancan tebur, ta dafa kafaɗarsa ta wuce. Ya zauna yana kallon mahaifin Jad yana zagaya tebura, ana miƙa masa hannu ana yi masa barka da wannan aiki. Ya shanye kofin har kumfar ƙasa.

Da suka kama hanyar gida, Nakhle ya ce, "To, yaya ka ji ta?"

"Yarinyar ta iya."

"Ka gaya mata?"

Wadih ya girgiza kai.

"In juya motar? Ba mu yi nisa ba."

"Bar ta, aiki ya yi mata yawa yau. Wata Lahadin."

Nakhle ya dube shi. Ya sa wa motar giyar hawa, suka ci gaba da hawan dutsen a bayan wata motar siminti da ta ƙi ba su hanya.