Inuwar da Aka Ba Kada Ajiya

Jiya da dare na yi wani mafarki, wai na koma jami'a da furfurata da ciwon gwiwata, zan karanci yadda ake koya wa na'ura rubuta labari. Ƙirƙirarriyar basira suke kiran abin. Ni dai ba basirar ce ta kai ni ba. Ƙarshen wata tatsuniya nake nema.

Gwaggo Lantana, yayar mahaifina da ta raine ni, ita ta fara ba ni tatsuniyar ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Wani makiyayi ne ya zo ƙetare kogi, inuwarsa ta yi masa nauyi, sai ya ba kada ajiyarta. Bayan shekara bakwai ya dawo karɓa, kada ya dube shi ya ce, "Wace inuwa?" Daidai nan barci ya kwashe ni. Washegari aka sa ni a mota zuwa makarantar kwana. Daga baya na rubuta kundin digiri mai shafi ɗari da ashirin a kan tatsuniya, na ambaci Turawa goma sha ɗaya, Gwaggo kuwa ko a shafin godiya ba ta samu wurin zama ba. Duk zuwan da na yi gida takan ce, "Tanimu, makiyayin nan fa yana nan tsaye bakin kogi." Ni kuma in ce, "Gwaggo, sai na dawo a nutse." Ban nutsu ba har aka kai ta makwancinta, yau shekara tara ke nan.

A jami'ar mafarkin nan, rana tsaka ce, ana kuma ruwa. Daga ƙasa yake tsirowa ya tafi sama, saboda haka ɗalibai a gwiwa suke riƙe lema, kawunansu a bushe ƙamas. Ni da ban san gari ba na ɗaga tawa sama, ta cika da ruwa daga ciki.

Magatakardan jami'a wani bunsuru ne mai tabarau. Na durƙusa na gaishe shi, don na san ofis.

"Ranka ya daɗe, ga takarduna."

Ya karɓa, ya tauna su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan daɗe a kan takardar shaidar digirina.

"Wannan ba gishiri," ya ce. "Amma an karɓa. Ka je ka sa rigar yaye ɗalibai. A nan da bikin gamawa muke farawa, in mutum ya yi ƙoƙari shekara huɗu sai a ba shi gurbin karatu."

"Tsari ne mai kyau, ranka ya daɗe."

"Mun sani."

Sai ga ni a aji. Malamar wata zabuwa ce mai digirin digirgir, tana zagaye allo tana maimaita jimla ɗaya, ɗalibai suna rubuta ta a sabon shafi duk lokacin da ta faɗa. A kujerar kusa da ni Na'ura ce zaune. Kamar tsohon firinji take, an ɗora mata hula. Ladabi gare ta fiye da duk ɗalibin da na taɓa gani.

Na ba ta labarin makiyayi har inda na sani, na ce ta ƙarasa mini.

"Tambaya ce mai kyau ƙwarai, Malam," ta ce. Takarda ta fara fitowa daga cikinta tana naɗuwa a ƙafafuna. Ƙarshe ɗari huɗu ta ba ni. A wani kada ya tuba, a wani inuwar ta auri 'yar kada ta ƙi komawa, a wani an kafa kwamiti. Kowanne ya tsaru, babu kuskuren rubutu ko ɗaya.

"Wanne ne na Gwaggo?"

"Duka suna iya zama nata."

"Ita ɗaya gare ta."

"To ka tambaye ta mana. Tana ɗaki na bakwai, ita ke yin jarrabawar baka. Sau uku take buɗe labari, in ba a amsa ba ta tashi. Ba a maimaita zama."

Ɗaki na bakwai tsakar gidanmu ne na ƙauye, an jera masa kujerun lacca har sama, ɗalibai cike. Gwaggo na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, da zanen nan nata mai ruwan ƙasa. Na'ura ta biyo ni tana jan wayarta.

"Kai Tanimu, wa ya cinye maka gashin kai?"

"Karatu ne, Gwaggo."

"Ai kuwa ya ci da yawa. Zauna. Ka nutsu yanzu?"

"Na nutsu."

Ta kaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta, ta gyara zama, ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Ko yaron goye ya san abin da ake cewa a nan. Mai labari ba ya motsawa sai an amsa masa. Amma ni sai na ji hannuna yana lalube a aljihu.

"Gwaggo, tsaya in ɗauko biro."

Ta tsaya. Biron da na ciro ya narke ya bi ruwa zuwa sama.

"Ga ta nan, ga ta nanku," ta sake cewa.

Na miƙe tsaye, na juya wajen ɗalibai. Ban san wa ya tashe ni ba. Na bayyana musu cewa wannan shi masana ke kira mabuɗin labari, kuma aikinsa shi ne ƙulla yarjejeniya tsakanin mai bayarwa da mai saurare. Na kawo ra'ayin masana biyu da suka saɓa wa juna, na nuna inda dukansu suka yi kuskure. Aka tafa mini. Zabuwa ta leƙo ta taga ta ce a rubuta.

Gwaggo ta ci gyaɗa biyu tana kallona.

"Ka gama wa'azin?"

"Na gama."

"To saura ɗaya, ɗan nan." Ta yi ƙasa da murya, irin yadda take yi in ta ga barci ya fara fizgata. "Ga ta nan, ga ta nanku."

Amsar tana bakina, kalma biyar kacal. Sai na tuna ɗalibai ɗari uku suna kallo, yanzun nan suka tafa mini, ga ni da rigar digiri da furfura, in buɗe baki in amsa kamar yaro mai majina? Na ce bari in ɗan yi gyaran murya tukuna, in faɗe ta cikin kamala.

Ina cikin gyaran muryar Na'ura ta ce, "Ta zo mu ji ta."

Gwaggo ta juya gare ta. "Yauwa 'yar albarka. Matso."

Na'ura ta matsa. Gwaggo ta kafa baki a jikin ƙofarta tana raɗa. Ruwa ya ƙaru, yana dukan rufin kwano daga ciki, ban ji komai ba sai "kada" sau biyu. Na ga Gwaggo ta kwaikwayi tafiyar wani abu da hannu, ta ƙyalƙyale da dariya har tana share hawaye. Sannan ta naɗe tabarmarta, ruwa ya ɗauke ta a hankali, ta yi sama da ƙwaryar gyaɗarta. Ba ta yi fushi ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na kama Na'ura da hannu biyu. "Me ta ce? Me kada ya yi?"

"Tambaya ce mai kyau ƙwarai, Malam. Labarin yana ɗauke da darussa uku."

"Ba darasi nake so ba. Abin da ta faɗa miki."

"Na adana shi. Na zuba shi cikin sauran, na daidaita musu salo don kada wani ya fi wani. Yanzu ɗari huɗu da ɗaya ne."

"Wanne ne nata?"

"Duka suna iya zama nata."

Takarda ta fara fitowa, cikinta yana ƙugi, ƙugin yana ƙaruwa har kujeru suka ɗauki rawa.

Na farka, ashe injin markaɗen maƙwabta ne. Gari ya waye, an kai musu wake. Na daɗe kwance ina kallon silin, sannan na faɗi kalmomin nan biyar a fili, ba tare da gyaran murya ba.

Maiɗakina ta leƙo daga ƙofa. "Malam, da wa kake magana?"

"Ba kowa."

"To ka taso, shayinka ya huce."