Harshen Karisa

Karisa ya ɗebi shayin a cokali, ya zuƙa da ƙarfi yadda ya saba shekara ashirin da shida, ya juya shi a baki, ya tofar a gwangwani. Kofi na goma sha ɗaya ke nan, kuma duk ruwan ɗumi yake ji. Nasimiyu, matar da kamfanin inshora ya turo, tana tsaye a ƙarshen teburin da takarda a hannu, ta zuba wa bakinsa ido.

Wata bakwai ke nan da ɗan acaɓa ya kayar da shi a hanyar Likoni, ƙeyarsa ta bugi kwalta. Raunin ya warke, amma hanci da harshe suka mutu murus, likita kuma ya ce ya cire rai. Mutumin da dillalan shayin Mombasa ke jiran bakinsa kafin a buɗe gwanjo, yau ba ya bambance gishiri da sukari. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Kadzo, wadda ke ta murna wai tsufa ya sa ya daina kushe mata girki. Da ido ya ci gaba da aiki: ya dubi launi, ya murza ganye, ya sa hannu. Sai da fargaba ta hana shi sakat sannan ya cike takardar neman kuɗin nakasa.

Nasimiyu ta yi masa bayani a natse. Inshora ba ta biya sai mutum ya kasa ainihin aikin da aka ɗauke shi dominsa. A takardar aikinsa kuwa an rubuta shugaban sashen tantance inganci, mai kula da ma'aikata da rubuta rahoto. Ko sau ɗaya ba a ambaci ɗanɗano ba. Karisa ya san takardar sarai, ai shi ya yi shekara biyu yana naci har aka ba shi wannan muƙami mai dogon suna.

"Dattijo, wata bakwai kana aikin nan ba ɗanɗano, ba wanda ya koka," in ji ta. "To da wane baki zan ce musu sai da harshe ake yin sa?"

Obura, mai kamfanin shayin da Karisa ke wa aiki, ya yi dariya ya dafa kafaɗar Karisa. "'Yar'uwa, rabu da shi, tsoro ne kawai irin na tsufa. Wannan ko toshe masa baki ka yi, da ido zai gaya maka gonar da ganyen ya fito. Bai taɓa ba ni kunya ba."

Karisa ya ji kamar ya ce masa don Allah ya yi shiru. Kowane yabo ƙara nisanta shi yake da kuɗin.

A aljihun teburinsa na ƙasa akwai wasiƙu uku, biyu daga Karachi, ɗaya daga Alƙahira. Masu saye ne ke ƙorafin an tura musu shayi mai ƙauri da sunan lamba ɗaya, da sa hannunsa a kai. Ƙauri ba a ganinsa da ido. Shi ya tare wasiƙun, ya amsa da ban haƙuri, ya kulle. In ya yi shiru, Talata akwai gwanjo, kuma ranar da wasiƙa ta huɗu ta faɗa hannun Obura, kora ce ba ko sisi. In ya fito da su, inshora za ta ga sai da harshe ake aikin, amma sunan da ya gina ya rushe a gaban mutumin da ya yarda da shi.

Nasimiyu ta rufe biro ta fara tattara takardunta.

"'Yata, dakata."

Karisa ya sa makulli ya buɗe aljihun teburin. Ya shimfiɗa wasiƙun tsakanin kofunan. Obura ya ɗauki ta farko yana murmushi, kafin ya kai ƙasan shafin murmushin ya ɗauke. Bai ɗago ya dube shi ba. Nasimiyu ta ja kujera ta zauna, ta buɗe biron.

Karisa ya je famfo ya wanke cokalinsa, ya goge shi tas da gefen riga, ya ajiye kusa da hannun Obura.