Muryar Mai Rabon Karta

Maiwada yana ƙoƙarin cusa mota tsakanin tankar ruwa da bakin titi a unguwar Malaz, wayarsa ta yi ƙara karo na uku. Bai ɗauka ba sai da Nura, 'yar maigidansa, ta sauka ta shige ofishinsu, ya ga ƙofar gilashi ta rufe a bayanta.

Nafiou ne, mutumin Maraɗi, mai dafa shayi a kamfanin da Maiwada ke zuwa a ɓoye. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce wasan ya fito jiya da yamma, kuma ba a cire muryar ba.

"Wace murya?"

"Taka mana, ɗan Najeriya. Da dariyar da komai. Yanzun nan na ji ka a shagon mai burodi kana korar wani tsoho."

Maiwada ya kashe mota. 

Shekara shida yana tuƙi a gidan Abu Majid, wani dattijon Balarabe da ke unguwar Shifa. Abu Majid ne kafilinsa, wanda ya tsaya masa a ƙasar, sunansa ne a kan takardunsa, kuma iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ce shi direban gida ne, ba ta ce wani abu ba bayan wannan. Kullum yakan sauke Nura da ƙarfe bakwai da rabi, ya ɗauke ta da ƙarfe biyu. A da, tsakanin nan a mota yake zama yana latsa waya har wuyansa ya ƙage. A masallacin layin ya haɗu da Nafiou, wanda ya ce masa akwai wani ƙaramin kamfani a saman shagon labule, suna yin wasannin bidiyo, suna neman wanda zai zauna ya yi ta bugawa yana nuna musu inda abin ya lalace. Wata huɗu ke nan yana hawa benen. Bai faɗa wa kowa a gidan ba. Ko Zaituna, matarsa da ke Funtuwa, ce mata ya yi kawai abubuwa sun ɗan yi sauƙi.

Ya san abin da ake yi wa wanda aka kama yana aiki a wajen da ba na kafilinsa ba. Jibirilla, da suka taɓa zama ɗaki ɗaya, a wajen wankin mota aka ɗauke shi, da kumfa a hannu. Ya yi wata biyu a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka sauke shi a Kano da rigar da ke jikinsa. Iƙamar Maiwada kuwa wata mai zuwa za ta ƙare, kuma Abu Majid kaɗai ke iya sabunta ta.

Ya hau benen da gudu. Ya ɗora katinsa a kan ƙofa, fitilar ta nuna ja. Ya sake, ja. Nafiou ne ya buɗe masa daga ciki, da tiren kofuna a hannu, bai yarda sun haɗa ido ba.

Ofishin ya zama kamar kasuwa. Kwalaye har bakin banɗaki, wayoyi na ta ƙara, wasu samari biyu da bai taɓa gani ba suna zaune a kujerarsa da ta kusa da ita. A kan kowane tebur akwai 'yar na'urar nan ta hannu mai ruwan ƙasa, wadda mutanen gari suka sa wa suna Tamra, wato dabino, saboda ƙanƙantarta da launinta. Bara da ta shigo kasuwa ba wanda ya kalle ta. Manyan kamfanonin wasanni sun ce kayan yara ce, ba za su ɓata lokaci a kanta ba. Sai ga shi dattawa ne suka rungume ta, don maɓallanta manya ne, allon ba ya gajiyar da ido, ana iya zama shida a majalisa a buga tare. Kafin azumi ta ƙare a shaguna. Sai kowane kamfani ya rikice. Aka dinga tono tsofaffin wasanni ana sake musu riga, wanda ya ce ba zai yi ba jiya shi ne kan gaba yau.

Su ma nan haka aka yi. Suna da wani tsohon wasan karta na balot da ya kwanta shekara uku. Babban kamfanin da ke fitar musu da wasanni daga ƙasar waje ya ba su mako shida su mayar da shi kan Tamra, ko a ba wasu. Aka ajiye duk wani aiki. A wasan akwai mai rabon karta da ke magana, ɗan wasan da zai yi muryar kuma ya ce sai bayan salla. Ranar nan aka shigar da Maiwada ƙaramin ɗakin ɗaukar murya, aka ce ya karanta layi ashirin na wucin gadi, don a gwada. Yana cikin karanta inda ake ce wa wanda aka cinye, "Khalas ya ammi, ruh nam", wato an gama, Baba, je ka kwanta, Nafiou ya leƙo ta gilashi yana kwaikwayon tafiyar manaja. Dariya ta ƙwace masa, irin tasa mai shaƙewa a tsakiya kamar injin da ya ƙi tashi. Aka ce ba komai, za a goge.

Ustaz Wa'il, manajan, ya ja shi zuwa kicin ya tura ƙofa. Idanunsa sun yi ja don rashin barci. Ya ce ba shi ya yanke shawarar ba. Na waje ne suka ce dole wasan ya fito kafin ƙarshen mako, domin wasu kamfanoni biyu su ma suna da balot a hanya, wanda ya riga fita shi ke da kasuwa. Maiwada ya roƙe shi a cire yau, a sa kowace irin murya, ko a bar mai rabon ya zama bebe. Wa'il ya ce gyara sai an aika an duba an amince, mako uku ne in an yi sauri. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce ko da za a iya, ba za su yarda ba. Tun jiya mutane ke yanko dariyar suna turawa juna. Na waje sun bugo da safe suna murna, har sun ce a fara shirin kashi na biyu, mai rabon ne zai zama fuskar wasan.

"To ni fa, Ustaz?"

"Kai ba ka taɓa aiki a nan ba, ya habibi. Sunanka ba ya ko'ina, na duba da kaina. In aka zo bincike, mu ma rufe mu za a yi. Za mu nemo wanda zai koyi dariyar." Ya dafa kafaɗarsa. "Kar ka sake hawowa. Don kanka nake faɗa."

A ƙasan bene Nafiou ya biyo shi da shayi a kofin takarda. Ya ce ya yi haƙuri, shi ya jawo masa. Ya ce amma ai garin nan cike yake da baƙaƙen mutane, wa zai ce wane ne? Sannan ya tambaya ko tsohon nan maigidansa yana wasa da irin waɗannan abubuwa. Maiwada ya ce mutumin da ko saƙon waya sai an karanta masa. Suka yi 'yar dariya marar daɗi.

Ya ɗauki Nura da ƙarfe biyu. Har suka isa Shifa da kai yake amsa mata. Ya yi azahar a ɗakinsa na bakin ƙofa, ya kasa cin shinkafar da aka miƙo daga kicin. Ya ɗauko wayarsa zai kira Zaituna, ya ajiye. Me zai ce mata? Ya buɗe jakarsa ya duba fasfo ɗinsa, ya mayar, ya sake buɗewa ya sa hoton 'yarsa Hajar a tsakiyarsa. Ya canza riga ya sa mai kauri, don ya tuna Jibirilla ya ce sanyin na'urar sanyaya ɗaki a tarhil ya fi yunwa ciwo.

Bayan la'asar Abu Majid ya fito, za shi istiraha, gidan hutun da shi da abokansa suke taruwa duk Alhamis a bayan gari. Ya shiga gaba kamar yadda ya saba, ya ajiye sandarsa a gefe. A cinyarsa akwai ƙaramin kwalin Tamra. Ya ce ɗansa Majid ne ya samo masa da kyar, duk 'yan majalisa sun yi, shi kaɗai ya rage suna masa tsiya.

Maiwada ya hau babban titi. Tsohon ya sa tabarau, ya yi ta fama da maɓalli yana zagin wanda ya ƙera abin. Suna tsaye a danja kiɗan ya tashi, kiɗan da Maiwada ya ji sau dubu a benen nan. Sai muryarsa ta cika motar tana yi wa maza maraba.

Bai juya ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Gumi ya bi ta bayan kunnensa ya shiga wuyan rigar mai kauri. Tsohon ya buga zagaye ɗaya aka cinye shi. Muryar ta ce masa ya je ya kwanta, dariyar ta biyo baya, ta shaƙe a tsakiya, ta ci gaba.

Abu Majid bai yi dariya ba. Ya sake bugawa, ya zubar da kartarsa da gangan, ya saurara. Ya sake na uku. Sannan ya kashe na'urar ya mayar da ita kwali, ya cire tabarau ya naɗe. Sauran tafiyar minti ashirin ce. Sun wuce motar 'yan sanda a gefen gada, Maiwada yana jiran ya ji an ce tsaya. Ba a ce ba.

A ƙofar istirahar ya tsaya inda ya saba, ƙarƙashin bishiyar da direbobi ke jira. Abu Majid ya sauka ya zagayo ta wajen tagarsa.

"Maganar inda ka yi wannan, da wanda ya ba ka izini, za mu yi ta gobe a gida. Yanzu sauko ka biyo ni."

Ɗakin dogo ne, da jan kafet da matasai a jikin bango. Maza sun kai goma sha biyu, yawancinsu da furfura, da butar gahawa da dabino a tsakiya. Daga kusurwa uku muryar Maiwada ke tashi, tana rabo, tana tsokana. Ya tsaya a bakin ƙofa ba takalmi. Abu Majid ya buga sandarsa a ƙasa sai da aka yi shiru. Ya ce duk su ajiye abin hannunsu. Mai rabon da suke ta yayatawa tun jiya, ga shi nan, direbansa ne, shekara shida yana cin abinci a gidansa.

Wani mai ƙaton ciki ya ce Abu Majid ya fara rikicewar tsufa. Wani ya ce a bari a ji. Wayoyi suka fara fitowa daga aljihu, ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaga su daidai fuskar Maiwada.

"Faɗa musu abin da kake faɗa a wasan, ya Mawada," in ji Abu Majid, yadda harshensa ke kiran sunan.

Ya buɗe baki.  Maganar ta fito siririya, tana rawa, ta yanke kafin ƙarshe. Dariyar kuwa ko alamarta babu.

Ɗakin ya fashe. Mai ƙaton cikin ya kwanta a jikin matashi yana buga cinya, ya ce in wannan ne mai rabon, to shi ne limamin unguwa. Wani ya ce a sallami bawan Allah ya koma mota, an tsorata shi a banza. Wayoyin suka fara sauka. Maiwada ya ji iska ta shiga ƙirjinsa a karon farko tun safe. Ba su yarda ba. In ya juya yanzu ya fita, ba abin da ke cikin wayar kowa sai wani direba mai in'ina.

Sai ya dubi Abu Majid. Tsohon yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar ɗakin, kunnuwansa sun yi ja. Shekara arba'in yake zama da mutanen nan, kuma za su yi shekara suna maimaita wannan rana. Bai ɗaga murya ba. Ya matso har Maiwada ya ji ƙamshin turarensa.

"Sake faɗa. Yadda ka faɗa musu a can."

Maiwada ya dubi wayoyin. Bai san su waye masu su ba, bai san inda 'ya'yansu ke aiki ba, bai san hannu nawa hoton zai bi kafin gari ya waye ba. Wannan tsoron yana da nisa, yana iya zuwa yana iya ɓata hanya. Ɗayan kuwa ga shi tsaye a gabansa, kuma gobe da safe shi zai buɗe wa ƙofar mota.

 Ya gyara tsayuwa, ya juya ga mai ƙaton cikin, ya nuna shi da yatsa kamar yadda mai rabon ke yi.

"Khalas ya ammi," ya ce, da cikakkiyar muryarsa, "ruh nam."

Sannan ya yi dariyar. Ta fito daidai, ta shaƙe a tsakiya, ta ci gaba. Wayoyin da suka sauka suka sake tashi gaba ɗaya. Mai ƙaton cikin ya ce bai kama farkon ba, a sa shi ya maimaita.