Hannun Dokunu

Sati shida Sadia ta yi tana koyon naɗin taba a wani ɗan shago da ke Gate City Boulevard, kuma a sati shidan nan ba ta fitar da kara ɗaya da ya shawu ba. Ba sigarin kanti ake magana ba. Wannan mai kaurin ce, naɗin hannu, wadda masu hali ke zama awa guda suna zuƙa kamar ba su da aikin yi.

Malachy, mutumin Kafanchan, shi ne babban mai naɗi a shagon, shi ya kawo ta. Ya ɗauki karan da ta gama, ya yanke kan, ya ja iska ba wuta. Kumatunsa suka lotsa, idanu suka fito.

"Anti Sadia, wannan taba ce ko ƙusa?"

"Oga, ba ta yi kyau ba?"

"Kyau kam ta yi. Sai dai hayaƙi ba ya da hanya."

Ya tsaga ta da wuƙa ya nuna mata. Ganyen ciki duk ya murɗe a wuya ya toshe. To, laifin wa? Shekara ashirin matar nan ta yi a zongon Kumasi tana naɗe dokunu, ƙullun masara a cikin ɓawonta, ta matse, ta murɗe bakin tamau don kada ruwan tukunya ya shiga. Hannu ya riga ya haddace. Sabo kuwa turken wawa ne, ko mai wayo ya kan ɗaure.

Mai shagon, wani tsoho ɗan Dominika mara yawan magana, ya riga ya yanke: ranar Juma'a ta kawo kara goma. In sun shawu, tebur nata ne. In ba su shawu ba, sai ta koma siton kaya da ke Wendover ɗaukar kwali, inda gwiwoyinta suka kusa kashe ta bara. Ta rantse a ranta ba za ta koma ba.

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji Malachy, yana tsokanarta.

"Ei! Wannan ganyen fa da ke gabanka, ba busasshe ba ne? Ka yayyafa masa ruwa ya lanƙwasu. Bar ni da hannuna."

Matsalar ita ce Sadia ba ta shan taba, ko a baki ba za ta sa ba. Don haka da yatsu kaɗai za ta gane. Ta ce Malachy ya ba ta nasa karan guda biyar. Ta rufe ido ta bi su da babban yatsa daga ƙasa zuwa kai, ta ji yadda suke ɗan lotsawa su dawo, kamar nunanniyar ayaba. Sannan ta zauna. Ganyen saman tsiron taba baƙi ne mai ƙarfi, shi ke ba da yaji, ta sa shi a tsakiya. Na ƙasa mara nauyi, shi ke riƙe wuta, ta kewaye da shi. Kowanne ta ninka shi a tsaye, ta bar wa iska hanya. Da ta zo wuya sai hannun ya nemi murɗawa. Ta mare shi da ɗayan.

"Kai, tsaya nan!"

Haka ta yi ta yi har Alhamis, shagon na ƙamshin koko da gahawa da ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Ta ɗaure kara goman da ganye na biyu, ta jera a katakon matsi, ta sa musu rigar ganye mai sheƙi, ta liƙe kan da ƙaro.

Da safiyar Juma'a ta sake bin goman da yatsa. A na huɗu yatsan ya tsaya. Wuyan ya yi tauri. Na bakwai ma haka, na tara ma haka. Tsoro ya kama ta sosai, don babu lokacin sake wasu.

"Ki cusa su a tsakiya," Malachy ya raɗa mata. "Biyu kawai mai shagon zai kunna."

Ta dube shi. Ta ware ukun gefe.

Tsohon ya zo ya ga bakwai. Ya ce da Turanci goma ya nema. Ta ce uku sun toshe, ba za ta ba shi abin da ta san ya lalace ba. Ya tambaya ko ta ja su ne. Ta ce a'a, ta ɗaga babban yatsanta.

Ya tsaga ukun ɗaya bayan ɗaya, kowanne ga murɗin nan a wuya. Ya zari ɗaya cikin bakwai ya kunna. Wuta ta kama daidai ta ko'ina, farin hayaƙi ya taso a hankali, toka ta tsaya ba ta zube ba. Ya ce yana jin zaƙi-zaƙi, da ɗan barkono a ƙarshe. Sannan ya jawo kujerar teburin naɗi da ke kusa da taga, ya kaɗe ta da hularsa.

Sadia ta zauna a kai, ta rufe fuska da gyale, ta yi kuka iya son ranta.